Datsar da ta ƙi zama kan sikwaya: binciken wani injin yankan katako a ƙasar Gaya

Shagon yana wani gari ne a kan hanyar Wudil zuwa Gaya, rumfar kwano ce da ɗaki ɗaya na ajiya. Mai shi dattijon kafinta ne, kawuna, yana da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Yawancin aikinsa kayan ɗakin amare ne: gado, wadirof, kabad, madubi mai durowa. Daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano yake sayo katako da fallayen MDF, wato allon garin katako da aka matse a kamfani, kuma aiki yakan taru masa bayan kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona aka shiga sa ranar biki.

Injinsa ƙirar gida ne, wani mai walda ya haɗa shi. Teburin farantin ƙarfe ne, a ƙarƙashinsa akwai shaf da ke zaune kan boris biyu, bel yana juya shi daga moto, janareta yana ba da wuta. Faifan zarton inci 12 ne. A saman teburin an bar gurbi biyu masu tsawo, ɗaya a hagun zarto ɗaya a dama, an yi su ne da ƙarfen kwana da aka liƙa da walda. Injinan kamfani sukan zo da irin wannan gurbi a gyare, faɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci, wato kusan milimita 19, zurfinsa kuma rabin haka. Na ƙirar gida kuwa, yadda hannun mai walda ya faɗa haka yake fitowa.

Don datsa katako, Kawu ya yi wa injin allon turawa. Falle ne na filawud da aka kafa wa sanda biyu a ƙasa, su ne ke bin gurbin teburin. A gefen da ke wajen mai aiki an kafa majingina, doguwar itace da ake jingina katako a jikinta. Sai a tura allon gaba ɗaya, da katakon a kai, ya ratsa zarto. Idan majinginar tana kan sikwaya, wato kusurwar digiri 90, da hanyar da allon ke bi, kowace datsa za ta fito daidai ba sai an ja layi ba. A watan Agusta aka yi allon, ya kuma yi aiki lafiya har ƙarshen kaka.

A watan Janairu abin ya ɓaci. Ana haɗa durowa sai baki ɗaya ya buɗe. Ƙofar kabad ta ƙi zama a gidanta, sama ta kama ƙasa ta bar gibi. Wadirof ɗaya da aka tayar ya ɗan kwanta gefe, wanda ko mai wucewa a kan babur zai gani. Ba sai kuskuren ya yi yawa ba kafin ya nuna: karkatar digiri 1 kacal tana ba da milimita 5 da ɗoriya a faɗin santimita 30, a gefen wadirof mai faɗin santimita 60 kuwa ta haura santimita 1. Akwati kuma kusurwa huɗu gare shi, kowace ta ɗauki nata rabon, duk su taru a bakin da aka rufe na ƙarshe. Yaran suka koma cike gibi da garin katako da gam, abin da ke ɓoye aibi har a kai kaya, amma ba ya kai wa damina ta biyu.

Kafin in zo, Kawu ya riga ya yi abin da kowa ke fara yi. Ya kwance majinginar ya matsar da ita, ya sake ɗaurewa, ya gwada, ya sake kwancewa, har ƙasan allon ya cika da ramukan sukuru. Da abin ya ƙi, laifin ya koma kan babban yaronsa, domin idan Kawu ya datsa da kansa abin yakan yi dama-dama, idan yaron ya datsa sai ya goce.

"Hannunsa ne ba ya tsayawa," in ji shi. "Hankalinsa na kan waya."

"Wallahi Oga yadda ka nuna mini haka nake yi," in ji yaron, kansa a ƙasa.

Tambayar da ya kamata a fara yi

A ganina duk binciken yana rataye ne a kan tambaya ɗaya, kuma ita ake tsallakewa: shin kuskuren iri ɗaya ne kullum, ko yana canzawa? Idan kowace datsa ta karkata gefe ɗaya da adadi ɗaya, to majingina ce, a gyara mata zama a wuce wurin. Idan kuwa wannan ta goce hagu, waccan ta goce dama, ta gaba ta fito daidai, akwai abin da ke motsi wanda bai kamata ya motsa ba, kuma ko sau nawa aka matsar da majingina ba za a dace ba, tun da abin da ake auna ta da shi ba a tsaye yake ba.

Gwajin ba ya bukatar kayan awo. Muka ɗauki tsinken MDF mai faɗin kusan santimita 30 wanda gefensa ɗaya yankan kamfani ne, miƙaƙƙe. Aka datsa shi, aka kifa rabi ɗaya, aka haɗa bakin biyu a jikin wani miƙaƙƙen gefen. Idan datsar daidai take, bakin zai haɗu ruf. Idan ta karkata, gibin da zai fito ninki biyu ne na kuskuren, don haka ido yake saurin kama shi. Kawu ya yi nasa, gibi ya fito ɗan kaɗan a sama. Ya maimaita, ya fito kusan haka. Yaron ya yi, gibin ya koma ƙasa. Ya sake yi, ya dawo sama, ya ma fi na Kawu faɗi. Ke nan matsala biyu ce a haɗe, akwai tsayayyen kuskure, akwai kuma mai yawo a kansa.

Sai na nemi sikwayar shagon. Ta ƙarfe ce, tsohuwa, jikinta duk tabon duka, domin a irin waɗannan shaguna sikwaya takan yi aikin hama idan hama ta yi nisa. Muka kafa ta a miƙaƙƙen gefen MDF muka ja layi da fensir mai tsini, muka juya ta ɗaya fuskar muka sake ja daga wuri ɗaya. Layukan biyu suka rabu, a ƙarshen santimita 30 tazararsu ta kai milimita 2. Wato sikwayar da kanta ta kauce da milimita 1. Da ita aka kafa majinginar tun farko, da ita kuma ake duba aiki bayan an yanka, saboda haka ba yadda za a yi ta nuna aibin da ita ce ta haifar. Kawu ya juya ta a hannu ya ce tun yana yaron shago take tare da shi. Ba mu jefar da ita ba, mun dai daina tambayarta. Daga nan muka koma ga awon da magina ke fitar da harsashi da shi: santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba da 50. A akwatin da aka haɗa kuma, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta fuska biyu, su zo daidai.

Inda motsin yake

Da aka kashe janareta, na kama allon ta gefensa biyu na murɗa shi hagu da dama. Ya amsa da ƙwas-ƙwas. Na cusa takardar A4 tsakanin sandar ƙasa da bangon gurbi. Kaurin takarda mai giram 80 kusan kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, don haka tana iya zama ma'auni a inda babu na ƙarfe. Guda 10 suka shige a bakin gurbin, kusan milimita 1 ke nan.

Milimita 1 ba ta da yawa a ido, amma a duba yadda take aiki. Lokacin da za a fara datsa faffaɗan falle, allon yana janye ne baya, rabin sandar yana waje, abin da ke cikin gurbi bai wuce santimita 40 ba. Sanda mai wasan milimita 1 a tsawon santimita 40 tana iya juyawa yadda a faɗin santimita 60 yankan zai goce da milimita ɗaya da rabi, ko hagu ko dama. Daga wannan iyaka zuwa waccan milimita 3 ke nan, kuma abin da ke zaɓar gefen shi ne inda mai turawa ya ɗora nauyinsa.

A nan gaskiyar yaron ta fito. Na tsaya ina kallon Kawu yana turawa ba tare da wuta ba. Yana tsayawa ne ɗan hagu da zarto, kamar yadda ya saba shekara da shekaru don kauce wa abin da zarto zai iya jefowa, hannunsa na hagu yana danne katako, kuma ba tare da ya sani ba yana matse allon gefe ɗaya daga farko har ƙarshe. Sandar ba ta barin bango ɗaya, shi ya sa kuskurensa yake maimaita kansa. Yaron ya fi shi tsawo, yana tsayawa a tsakiya yana turawa da hannu biyu, allon yana lilo tsakanin bango da bango. An bar jaki ana dukan taiki.

"Kawu, ba hannunsa ba ne. Allon ne ke rawa, kai kana riƙe shi ne ba ka sani ba."

Bai ce komai ba, ya murɗa allon da kansa ya ji ƙarar, sannan ya ce wa yaron ya je ya sayo mana ruwa.

Me ya kawo wasan, alhali a Agusta babu shi? Dalili biyu ne. Na farko, gurbin hagu ya ɗan tsuke a tsakiya, daidai inda zafin walda ya ja ƙarfen. Da aka zo yin sanda sai aka goge ta har ta wuce wannan matsin, ta zama daidai a wuri ɗaya, sako-sako a sauran wurare. Na biyu shi ne iska. Katako yana shan danshi yana fitarwa muddin yana nan, yana kumbura yana motsewa ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. A Agusta danshin iska a ƙasar Kano yakan haura kashi 70 cikin 100, a tsakiyar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Sandunan na obeche ne, farin katako mai taushi da aka yanko daga dazukan kudu, ya iso da sauran ruwa a jikinsa, aka yi amfani da shi a tsakiyar damina. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ba za ta bar shi yadda yake ba. Ga kuma taushinsa, ƙarfe yana cin gefensa a kowace turawa.

Ita ma majinginar daga wannan katakon aka cire ta. Muka ja zare daga ƙarshenta zuwa ƙarshe, sai ga ciki ya fito a tsakiya, ta yi baka. Wannan ya warware wani abin da ya ɗaure wa Kawu kai, cewa gajerun katakan durowa da dogayen katakan ƙofa ba sa karkata iri ɗaya. Gajere yana kwanciya ne a wani ɗan yanki na bakan kusa da zarto, dogo kuwa yana hawa kan tudun yana gyangyaɗi, ya taɓa nan ko can gwargwadon inda aka danna. A lungun da majingina ta haɗu da allo kuma garin MDF ya daskare da baƙin man da yaran ke shafawa don allon ya yi santsi. Ƙwayar gari ɗaya mai kaurin rabin milimita a ƙarshen katako ta isa ta ɗaga shi daga majingina.

Zarton kansa

Da yawa idan datsa ta karkata zarto suke fara zargi, su ce bai miƙe da teburin ba. A allon turawa wannan zargin rabinsa ne gaskiya. Layin yanka hanyar da allon ke bi ce ke fitar da shi, ba fuskar faifai ba. Faifan da ya ɗan juya zai faɗaɗa tsagar, haƙoran baya su sake cizon inda na gaba suka wuce, gefe ɗaya ya ƙone, baki ya ɓarɓashe. Yana kuma iya jan katako ya zame idan ba a danne shi sosai ba. Amma shi kaɗai ba ya mayar da sikwaya ta zama karkatacciya.

Duk da haka mun duba, domin akwai baƙin ƙuna a gefen hagu na kowace datsa. Aka cire bel. Muka yi wa haƙori ɗaya alama da alli, muka auna nisansa da bangon gurbi yana gaba, muka juya shi baya muka sake aunawa. Haƙori ɗaya ake bi don kada lanƙwasar faifai ta shiga lissafi. Bambancin ya haura milimita 1. Jan bel ne ya ja gidan boris na wajen moto a hankali, notinsa ya saki. Aka sassauta, aka ɗan buga da guntun katako har awon gaba da na baya suka zo ɗaya, aka ɗaure da washa. Tsayuwar faifan daga sama zuwa ƙasa lafiya take, mun tabbatar da gwajin kifawa a katako mai kauri. Faifan dai mai haƙora 24 ne, na tsaga katako ta tsawo, ya kuma dakushe. Na datsa da na MDF yakan kai haƙora 60 zuwa 80. Kawu yana da irinsa a rataye, yana tattalinsa saboda tsada. Aka ɗaura shi.

Sabon allo da yanka biyar

Sai da aka gama da duk abin da ke motsi sannan aka taɓa majingina. An ci matsin gurbin hagu da fayil har faɗinsa ya daidaita. Sababbin sanduna daga wata tsohuwar ƙofar madaci aka fitar da su, itacen da ya sha hunturu da damina masu yawa a garin, aka yanke su yadda layukan jijiyarsa ke tsaye idan an dubi bakin sandar, domin katako ya fi motsi ta bin waɗannan layuka, gara motsin ya tafi sama da ƙasa inda akwai sarari. Wanda ya samu farantin roba mai kauri irin na yankan nama ya fi, ruwa bai dame shi ba. Maimakon baƙin mai, kyandir aka goga wa sanduna da ƙasan allon. Majinginar kuma tsinke uku na filawud mai milimita 18 aka manne da gam, aka sa masu ɗan lanƙwasa suna fuskantar juna don su danne juna. An ɗan fere gefenta na ƙasa yadda gari zai samu wurin shiga. A bayanta, daidai inda zarto ke ɓullowa, an kafa dunƙulen katako, saboda a nan ne babban yatsa yake son zama.

An ɗaure majinginar da sukuru biyu kawai, ɗaya a ƙarshen dama wanda zai zama madogara, ɗaya a ƙarshen hagu wanda za a iya cirewa. Tsakaninsu santimita 80.

Dabarar da muka bi ita ce ta yanka biyar, wadda wani kafinta a Amurka mai suna William Ng ya yaɗa ta a YouTube. Amfaninta shi ne tana ninka kuskure sau huɗu har ya kai a auna shi. Ana ɗaukar falle mai kusurwa huɗu, a ajiye shi hagun zarto, a ɗan datse gefensa na dama. Sai a juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, sabon yankan ya kwanta a majingina, a sake datsa. Haka har gefe huɗu. A juyi na biyar an dawo gefen farko, sai a cire siririn tsinke mai kusan santimita 1, a yi wa ƙarshensa na nesa alama kafin ya faɗi ƙasa a rikice. Da ma'aunin kalifa da muka aro wurin mai gyaran injin ban-ruwa, ƙarshen nesa ya ba da milimita 11.2, na kusa da majingina 9.6. Tsawon tsinken milimita 400.

Bambancin 1.6 ne. A raba shi huɗu, 0.4. A raba da tsawon tsinken, 400, a ninka da tazarar sukuru biyun, 800, ya ba da milimita 0.8. Wannan ne adadin da ƙarshen hagu zai matsa. Wajen da zai matsa kuma tsinken ne ke faɗa: idan ana aiki a hagun zarto, madogara tana dama, kuma ƙarshen nesa ya fi faɗi, to hagun majinginar ya yi gaba da yawa, sai a jawo shi wajen mai aiki. Idan na kusa ne ya fi faɗi, a tura shi gaba.

Ba a yin wannan da ido ko da bugun hama. Aka fiƙe wani guntun katako, aka matse shi a kan allon, tsininsa yana taɓa fuskar majingina daidai saitin sukurun hagu. Aka cire sukurun, aka ja majinginar baya har takarda 8 suka shiga tsakaninta da tsinin ba tare da sun yi sako-sako ba, aka matse ta a nan. Sannan aka huda sabon rami. Wannan wajibi ne, domin tsohon rami zai ja sukuru ya mayar da majinginar inda ta fito, kuma ina jin wasu daga cikin gyare-gyaren Kawu na baya a nan suka lalace.

A gwaji na biyu, yaron aka ba ya yi yankan. Ƙarshen tsinken biyu suka bambanta da milimita 0.2, wato kuskuren datsa ɗaya 0.05 ne a tsawon santimita 40, rabin kaurin takarda. Ga kayan ɗaki wannan ya wuce bukata, kuma bin abin da ya fi haka a injin da aka haɗa da walda ɓata lokaci ne. Aka ƙara sauran sukurori. Kawu ya yi gwajin kifawa da kansa, yaron ya yi, bakin ya haɗu a duka biyun.

Daga kayan da aka riga aka yanka, gefunan durowa sun gyaru, an rage musu milimita 2 zuwa 3 an sake datsa su. Ƙofofin kabad biyu sun yi gajarta, sun koma shelf na ciki, an fitar da wasu daga sabon falle. Wadirof ɗin da ya kwanta sai da aka kwance bayansa aka ja shi har awon kusurwa zuwa kusurwa ya zo ɗaya, sannan aka sake buga shi.

Abu biyu suka rage. Boris na wajen faifai yana da ɗan wasa idan an girgiza shaf, Kawu ya ce sai an kai kayan da ke hannu zai canza shi, tun da sai an shiga Kano. Sandunan madacin kuma a bushewar hunturu aka daidaita su, saboda haka idan ruwa ya sauka za su iya kumbura su yi tauri. Na roƙi yaran kada su kai musu sanfefa idan hakan ta faru, su fara da kyandir, in ya ƙi su yi wa gefen sandar zanen fensir su tura allon, su kankare inda fensirin ya goge kaɗai.